Kalar fitilarka, magana ce kake yi da mu



A daren nan zancen fitila za mu yi, ta mota da ta moto. Na san wani zai ce, ga tsadar shinkafa, ga rashin aiki, sai maganar ƙwai? Ku ɗan yi mini haƙuri.

Kwanan baya ina dawowa gida bayan isha, sai na hango farin haske gabana. Na ɗauka moto ce ke tahowa, na kauce dama. Ashe tafiya take, mai ita ya cire jar fitilar baya ya sa fara, kuma a daidai lokacin ya taka birki. Allah ne ya kiyaye ban hau kansa ba. Da na yi masa magana, cewa ya yi: "Ai ado ne, babban yaya."

To, ba ado ba ne. Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijar ke cikinta, ta raba wa kowace kala aikinta. Gaba, fari ko rawaya. Baya, ja. Birki, ja mai ƙarin haske. Fitilar kwana, ruwan goro mai ƙyaftawa. Kada ja ya fito gaba, kada fari ya fito baya, in ba na ribas da na lamba ba. Shuɗi mai walƙiya kuwa na motocin gaggawa ne, irin su 'yan sanda, jandarma, motar asibiti da masu kashe gobara. Da wannan ne direban Agadas da na Kwatano ke fahimtar juna da dare ba tare da sun ce uffan ba. In ka canza kala, ƙarya ka yi wa wanda ke bayanka, kuma shi zai biya kuɗinta da ƙafarsa.

Sai waɗannan ƙwayayen LED masu kashe ido. Gidan fitilar motarka an ƙera shi ne daidai da ƙwan da ya zo da shi, don haske ya sauka ƙasa. In ka cusa wani, haske ya watse, ya doki idon mai tahowa. Mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ka makantar da shi daƙiƙa 3, ya yi mita 50 ke nan bai ga komai ba. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa da dare ya san abin da ke cikin mita 50 ɗin nan: amalanken shanu ba fitila, jaki, tsohuwa mai dawowa daga kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce kan gaba in an auna da yawan jama'a.

Shuɗin nan ma ba abin wasa ba ne a halin tsaron da muke ciki. In kowane ɗan kabu-kabu yana walƙiya kamar jandarma, ranar da motar asibiti ta ɗauko mai naƙuda wa zai ba ta hanya?

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Muna ganin manyan motoci masu baƙin gilashi, ba na hukuma ba, da jiniya da fitila mai juyawa, suna wucewa ana sara musu, ɗan kabu-kabu kuwa a kama shi kan ƙwai guda. Muna kira ga ANISER da 'yan sanda: doka ta hau kowa, kuma a yi bayaninta a rediyo da Hausa da Zabarmanci kafin a fara kame. Kai kuma in an ci ka tara, ka tambayi laifin da ladabi, ka karɓi takardar biya. Kuɗin da ba takarda ba ya isa baitulmali.

Mu da muke neman shugabanni su bi doka, bai kamata motocinmu su ƙaryata mu ba. Gobe da safe kowa ya tada injinsa, ya sa ƙanensa ya tsaya baya, ya taka birki, ya kunna ta kwana. Abin da ba daidai ba a kai wa bakanike. Ku kuma masu gyara, in yaro ya kawo shuɗi, ku ce masa a'a.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.