Sayen Motar Gona Ta Hannu: Yadda Ake Gane Kuɗinta Na Gaskiya

Jawabin malamin gona ga manoman rani na Goronyo, Wurno da Rabah

Yau maganar mota za mu yi, watau motar ɗaukar kaya ta hannu, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke ratsa yashi da laka ta shiga har bakin gona.

Kun sani tun da aka gama ginin Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, noman rani ya ƙaru a ƙasar nan. Ga shinkafa, ga albasa, ga tafarnuwa, ga tumatir da kankana. Kaya sun fi ƙarfin jaki da amalanke, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Hanyoyin fadama kuma kun san su, da rani yashi, da damina laka. Saboda haka mutane da yawa, ko ƙungiya ko mutum ɗaya, sukan tara kuɗin amfanin gona, su sayar da shanun huɗa, wani har ya jinginar da gona, don a sayi mota. In an dace an huta. In ba a dace ba, wahalar shekara 2 ko 3 ta tafi a banza, mota tana ajiye a ƙofar gida kaji suna ƙwai a cikinta.

To, abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan. Kuɗin da mai mota ya faɗa nasa ne. Naka lissafin guda 3 ne: nawa ake sayar da irinta mai lafiya, nawa gyaranta zai ci, nawa kuma za ta iya mayar maka a shekara. Sai ka gama waɗannan kafin ka buɗe baki ka yi tayi.

1. A fara sanin kasuwa

Kada ka je ciniki ranar da ka fara tambaya. Zagaya wurin masu sayar da motoci a Sakkwato, ka ji kuɗin irin wadda kake so a wuri 3 ko 4, ƙira ɗaya, shekaru kusan ɗaya, inji iri ɗaya. In kana da ɗan'uwa a Kano ko Kaduna, ya tambayo maka. Abin da aka sallama shi za ka nema, domin kuɗin da aka fara faɗa kullum yana sama da shi.

Kada kuma ka yi awo da tsohon farashi. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Daga nan kuɗin mota da na kayan gyara suka tashi ƙwarai. Abin da maƙwabcinka ya biya a 2020 labari ne kawai.

A lura, mota iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje ba ta yi aiki a nan ba, akwai wadda ta riga ta sha hanyoyinmu. Ta farko ta fi tsada. Kada ka yarda a sayar maka da ta biyu a kuɗin ta farko don an yi mata sabon fenti.

2. Takardu kafin inji

Motar da ba ta da takardu ba ta da farashi, kome arahar ta. Mu nan muna kusa da iyaka, ga Illela ga Ƙwanni. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma wasu sun yi ta shigowa ta daji ba a biya musu kuɗin kwastan ba. Irin wannan in an kama ta a hanya, kai mai saye kai ke da asara.

Nemi takardar kwastan, da takardar shaidar mallaka, da lasin mota, da inshora. Kowace mota tana da lambarta da aka buga a jikin ƙarfen shasi, watau ƙashin bayan mota. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, haruffa da lambobi 17 ne. Goge wurin, ka sa mai karatu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke takarda. In ka ga alamar an kankare ko an yi walda a wurin, tashi ka kama hanya. In sun dace, a je ofishin kwastan da na 'yan sanda da na lasin a tabbatar ba ta sata ba ce. Mai gaskiya ba ya ƙin rakiya zuwa waɗannan wurare.

3. A duba ƙasa kafin sama

Je da makanikenka, wanda kai ka ɗauko, wanda kuma ba shi da rabo a la'ada. A duba da rana tsaka, ba a cinikin biri a sama. A kwanta a shiga ƙarƙashi. Fenti da kujera kuɗinsu kaɗan ne. Shasi shi ne mota. In ya karye an yi masa walda, ko ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye shi har guduma tana huda shi, to ba ta ɗaukar kaya ba ce, kada ma a yi maganar ragi.

Duba sifirin na baya. In sun miƙe sun kwanta, an daɗe ana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Duba daɓen baya, domin takin zamani da gishiri suna cin ƙarfe. Duba tayoyi. In gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, akwai matsala a ƙafa ko a sitiyari. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 masu nuna lokacin da aka yi ta. In ka ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Tsohuwar taya ko tana da zane tana fashewa da zafin bazara.

Bugu da ƙari, a kula da motar da ruwa ya taɓa shanyewa. Mun ga ambaliyar 2010 a nan, an kuma ga ta Maiduguri a watan Satumba na 2024. Motar da ta nutse akan wanke ta a kai ta kasuwa mai nisa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa ƙarƙashin kujera da bayan sitiyari. Busasshiyar laka, da warin ruma, da tsatsa inda ruwan sama ba ya kaiwa, su ne shaida. Wayoyin wutarta ba za su bar ka ka huta ba.

4. Inji

Je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tayar da shi a gabanka, kai kuwa ka tsaya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi-shuɗi, inji yana shan baƙin mai, aikin ringi ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa yana shiga inji. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ba ya ƙonewa daidai, sau da yawa gyaransa ya fi sauƙi.

Zaro sandar awon mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi. In ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba shi ne don ya rufe ƙara. Buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe da zafi. In kumfa tana tasowa inji yana aiki, a sa babban gyara cikin lissafi.

Kada ka dogara da abin da maleji ya nuna, ana mayar da shi baya. Dubi robar birki da ta kuloci, da sitiyari, da kujerar direba. Su ba su iya ƙarya ba.

5. Ƙafa huɗun nan, suna ja kuwa?

Nan ne aka fi cutar manomi. Ja da ƙafa huɗu shi ya sa motar ta fi sauran tsada, amma da yawa an cire musu sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba, don ta lalace ba a gyara ba. A ƙarƙashi lalle ka ga sanda 2, ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba. In ɗaya ce, to kuɗin mai ƙafa biyu za ka biya, ko a cire kuɗin gyara.

Gani kaɗai bai isa ba. A ɗora mata kaya kamar yadda za ta riƙa ɗauka, a fita da ita cikin yashi, a sa giyar ƙafa huɗu, babba da ƙarama. Mutum ɗaya ya tsaya a gefe ya ga ko tayoyin gaba suna haƙa. Kada a gwada a kan kwalta, yawancin irin waɗannan motoci yin haka yana ɓata su. A hau tudu da kayan. In an taka totur inji ya yi kuka mota ba ta ƙara sauri ba, kuloci ya ƙare. A yi tafiyar akalla rabin sa'a ana duban allurar zafi.

Sa'an nan ka tambayi kanka, wa zai gyara ta, ina kuma kayanta? Toyota Hilux tun 1968 ake yin ta, makanikai da yawa sun san ta, shi ya sa take riƙe kuɗinta. Tsohuwar ƙirar Land Rover Defender an daina yin ta a watan Janairu na 2016, sai ka bincika ko kayanta suna kusa. Akori-kurar Peugeot 504 da muka saba da ita da ƙafafun baya kaɗai take ja. Sababbin ƙira kuwa wasu sai an sa musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Motar da za ta kwana 10 tana jiran ƙarfe daga Legas lokacin kwasar albasa, arahar ta ba ta da amfani.

6. Lissafi

Tun da naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, bari mu yi misali da buhun shinkafa shanshera. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce irin motar mai lafiya ana sallama ta a kuɗin buhu 200. Makanike ya duba ya ce taya 4 za su ci buhu 12, aikin inji 20, kuloci 5, gyaran ƙafafun gaba 15, sauya takardu 3. Jimla 55. Cire 55 daga 200, saura 145. Sake cire kashi 1 cikin 10, watau kamar buhu 15, saboda ciwon da ba a gani ba, don tsohuwar mota ba ta rasa shi. Saura 130. Wannan shi ne iyakarka. Fara tayi ƙasa da shi, ka riƙa hawa sannu, kana faɗin dalilinka ɗaya ɗaya. La'adar dillali ma a san wanda zai biya tun farko.

Saura lissafi na ƙarshe, wanda ya fi duka. Tara kuɗin hayar da kake biya a shekara, da wanda za ka samu in ka ɗauko wa wasu kaya zuwa Achida, Illela ko Sakkwato. Cire kuɗin mai, da direba, da yaron mota, da juyen baƙin mai, da taya, da takardu. Tuna da watannin da ba kaya, da ranakun da halin tsaro a hanyoyinmu na gabas ke hana fita. Motar nan ta misali, da saye da gyara ta tashi buhu 185. In abin da ya rage maka a shekara buhu 60 ne, cikin shekara 3 da 'yan watanni ta mayar da kuɗinta. In 20 ne, sai ta wuce shekara 9, tsohuwar mota kuwa da wuya ta kai haka tana aikin fadama. Mai irin wannan lissafi gara ya ci gaba da haya, ko ya sayi babur mai ƙafa uku na kaya, ko manoma 5 ko 10 su haɗa hannu su sayi ɗaya, a rubuta ranar kowa da rabon kuɗin gyara.

7. Ranar biya

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duba takardu. Kada ka ɗauki kuɗi a buhu ka bi hanya, a biya ta banki. A rubuta yarjejeniya da sunan mai sayarwa, da lambar shasi, da kuɗin da aka biya, da aibin da ya bayyana, shaidu 2 su sa hannu. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibi a ciniki haramun ne, saboda haka tambaye shi a gaban shaidu. A sauya sunan mai mallaka nan da nan. Kada kuma ka taɓa kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, domin gonar ce za ta ciyar da motar.

In mai mota ya ce akwai wani yana jira da kuɗi a hannu, ce masa Allah ya ba da sa'a. Motoci ba su ƙare ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Wanda yake da niyyar saye bana, ya zo da lissafinsa wurin malamin gona na yankinsa ko shugaban ƙungiyarsa a duba tare kafin ya tafi kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya ba mu zaman lafiya.