Daga Abuja zuwa Bakin Kwalbati



An ce in yi magana a kan kuɗin da gwamnati ke fitarwa bayan ambaliya, da kuma rabon ƙananan hukumomi a ciki. Bari in fara daga Mokwa ta jihar Neja. Da asubahin 29 ga Mayun 2025, bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta ratsa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta ci rayuka sama da 150. Allah ya jiƙansu. Bayan 'yan kwanaki Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je jaje, ya sanar da naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. A daminar 2024 kuwa, wadda a cikinta madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Ku lura da hannun da aka danƙa wa kuɗin nan: hannun gwamna ne.

To amma wa ruwa ke fara tasowa daga barci? Na ga wannan da idona a daminar 2022, a wani gari na yankin Haɗeja. Ƙarfe biyun dare matasa ne ke cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga da hasken tocila. Hedimasta ya buɗe azuzuwan firamare aka zuba mata da yara. Washegari mai unguwa ya zauna a kan benci da littafin makarantar jikansa, yana rubuta wanda ɗakinsa ya faɗi da wanda rumbunsa ya jiƙe. Na tambayi wani ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma me suka tanada. Ya buɗe mini sito, babu komai sai tabarmi 'yan kaɗan da injin ban-ruwa ɗaya da ya daɗe da mutuwa. Kayan agaji sun iso bayan ruwa ya janye, da 'yan jarida a gaba.

Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara. Kwalbatin da leda ta toshe aikinta ne. A takarda ma ba ta rasa kuɗi ba. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Akwai kuma Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981 don zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, wanda a cikinsa tarayya ke da kashi 1, jihohi 0.72, ƙananan hukumomi 0.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Kuɗin yana fitowa duk wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 162, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Nan ne kuɗin ke yada zango, kuma ba duka ke tashi daga zangon ba. Ciyaman ya biya albashi, ragowar sai ya bi takarda zuwa ma'aikatar ƙananan hukumomi yana roƙon izinin taɓa abin da sunansa ke kai. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma babu kaso ga majalisar riƙon ƙwarya da gwamna ya naɗa. An yi murna. Sai dai aiwatarwar tana tafiyar hawainiya.

Na ga wasu suna murmushi, na san abin da ke ransu. Ciyamomi ma ba waliyyai ba ne. Mun sha ganin zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa, jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru kaf, har na kansiloli. Wanda gwamna ya ɗora, ko kuɗin ya faɗo aljihunsa kai tsaye, ya san gidan da zai kai gaisuwa. Duk da haka ina ganin gara kuɗin ya sauka kusa, domin mai unguwa zai iya tare ciyaman a ƙofar masallacin Juma'a ya tambaye shi, amma ba zai iya tare minista ba.

Akwai abin dubawa a Ingila. Tun 1983 suna da tsarin Bellwin: idan hadari ya yi ɓarna, ƙaramar hukuma ta kashe kuɗinta nan take wajen ceto da tsugunar da mutane, duk abin da ya haura kashi 0.2 cikin ɗari na kasafinta gwamnatin tsakiya ta mayar mata, bisa rasit. Su ma suna ƙorafi, don tsarin ba ya biyan manyan gine-gine na dindindin. Abin da ya ja hankalina shi ne shugaban hukuma ya san ƙa'idar tun kafin hadari ya haɗu, ba ya jiran ziyarar jaje kafin ya hayo kwalekwale.

Mu ma ba a makance muke shiga damina ba. Kowace shekara hukumomin hasashen yanayi da ambaliya, NiMet da NIHSA, suna fitar da hasashe, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Shawarata ita ce duk wadda sunanta ya fito, a saki kasonta na muhalli a cikin wani asusu na daban kafin watan Mayu, don yashe magudanai, sare kacalla inda ta toshe kogi, da sayen buhuna da maganin ruwan sha. Kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wanda a wurare da yawa sunansa kawai ake ji, a sa hakimi da wakiliyar mata cikin masu sa hannu. A manna lissafin a allon sakatariya.

Ɗalibai da ke bayan zaure, ga aikin gida. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma duk wata a intanet. Ku nemo na garinku na watanni shida, ku ɗauki hoton babbar kwalbatin kasuwarku, ku kawo mana duka biyun a zama na gaba. Shugaban taro yana nuna mini agogo.