Alƙalamin Hukuma da Rayuwar Talaka: Jawabin Likita a Taron Shekara na Ƙungiya, Shara Mansur, Makka

 



Ni likita ne, siyasa ba sana'ata ba ce. Amma aikin asibiti ya koya mini cewa sau da yawa ciwon da ke jikin mutum a ofishin hukuma ya samo asali.

Mu fara da tambayar me ya kawo Hausawa wannan unguwa. Aikin Hajji ne, babu shakka, amma akwai hannun mulki a ciki. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata suka riƙa yin ƙwadago a can suna tara guzuri, su haye teku daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu ba su koma ba. Jikokinsu ne masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi a yau.

Waɗanda suka samu takardar zama ɗan ƙasa tun da wuri, 'ya'yansu sun zama malamai da ma'aikata da 'yan ƙwallo. Maƙwabtansu da ba su samu ba, har gobe jikokinsu na fama da neman igama. Gida ɗaya, jini ɗaya, takarda ta raba makomarsu.

A zamaninmu ma haka ne. A Yulin 2017 aka sanya wa baƙo harajin Riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, ya hau har 400 a 2020. Magidanta da yawa dole suka mayar da iyali gida. Aikin sabunta birni ya rushe tsofaffin unguwanni, haya ta tashi, zumunci ya watse. A gida kuwa, an saki Naira a kasuwa a Yunin 2023. Kujerar Hajji da ta kusa Naira miliyan 3 a shekarar ta haura miliyan 8 a 2025. Mai sayar da tsaraba a nan ya ji a jikinsa, kamar yadda manomin da ke tara kuɗin kujera ya ji.

Ga abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya. Dattijuwa mai ciwon suga, igamarta ta mutu, inshora ta tsaya, tsoron kamu ya hana ta fita. Ba a kawo ta ba sai da ƙafa ta ruɓe. Gyambon da magani kaɗan zai warkar, sai da aka yanke ƙafar.

To, mene ne namu? Na farko, kada mu yi wasa da takarda: a yi wa kowane jariri rajista a ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, a sabunta fasfo da igama kafin su mutu. Na biyu, ina roƙon ƙungiya ta ware asusu don marasa lafiya da masu son komawa gida cikin mutunci. Na uku, 'yan'uwa na gida, kada ku bari dillali ya ruɗi 'ya'yanku su zo Umara su maƙale. Dokar ƙasar nan ba ta ɗaga ƙafa. Kuma ku da kuke da ƙuri'a, ku tambayi mai nemanta me zai yi wa asibitin garinmu, domin rashin aiki da rashin magani ne ke koro matasanmu.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.