Amanar Layi: Darasin Runka Ga Masu Amfani da Intanet



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne ƙa'idojin da kamfanonin sadarwa da masu ba da hayar masaukin shafi a intanet suke gindaya wa abokan cinikinsu. Na san wani zai ce a ransa, duk da irin matsalolin da suka addabi ƙasar nan, me ya kai mu ga waɗansu ƙananan rubuce-rubuce na Turanci da babu mai karantawa? Gaskiya ne, yawancin mutane sukan danna alamar yarda su wuce, ba su duba ko layi ɗaya ba. Amma ina fata kafin in zauna za ku yarda da ni cewa, a ƙasa irin tamu, kiyaye ƙa'idojin nan ko karya su yana iya zama sanadin rayuwar wani ko halakarsa.

Duk wanda ya sayi layin waya, ko ya ja intanet zuwa gidansa ko ofishinsa, ko ya kama hayar wurin ajiye shafi a cikin kwamfutocin wani kamfani, to, ya shiga yarjejeniya. Kamfani ya yi alkawarin buɗe masa hanya, shi kuma ya yi alkawarin ba zai bi ta hanyar nan ya cuci kowa ba. Dalilin wannan alkawari kuwa a fili yake. Turken sabis ɗaya shi ke ɗaukar maganar gari guda, kwamfuta ɗaya ta kamfanin masauki kuma takan ɗauki shafukan mutane masu yawa waɗanda ba su san juna ba. Watau dai abin kamar rijiyar gari ne: kowa da gugansa, amma ruwan ɗaya ne. Wanda ya jefa mushe a ciki, gari duka ya hana shan ruwa.

Mutanen Runka sun ga wannan da idonsu. Runka gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a yammacin Jihar Katsina, a bakin Dajin Rugu, maƙwabtaka da ƙasar Batsari. Manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma kamar sauran jama'ar Nijeriya, tun bayan da wayar salula ta shigo a 2001 sannu a hankali harkokinsu suka rataya a kanta. Da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani, sai hukumomi suka ce maharan da masu kai musu rahoto, waɗanda jama'a ke kira infoma, da waya suke shirya hari, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta umarci kamfanoni su ɗauke sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ɗauke a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, a cikinsu har da Safana da Batsari da Jibiya da Ɗanmusa da Kurfi da Ƙanƙara da Faskari, har da Dutsin-ma inda Jami'ar Tarayya take. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai a watan Disamba na wannan shekara aka fara mayar da sabis ɗin.

Ku dubi abin da wata uku na shiru ke nufi ga talaka. Uba ba ya jin ɗuriyar ɗansa da ke karatu a Zariya ko Kano. Wanda ɗan'uwansa ya saba turo masa kuɗin cefane daga Legas, sai ya shiga mota ya nemi inda sabis yake kafin ya karɓa, ga hanya kuma ba aminci. Mace na naƙuda cikin dare, babu halin kiran mai mota. Mafi ciwo kuma, wayar da aka kashe don a toshe bakin infoma, ita ce wadda ƙauye ke faɗakar da ƙauye idan an ga wucewar babura. Waɗanda suka ci amanar layi ba su da yawa, amma hukuncin kowa ya shafa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

To, waɗanne ƙa'idoji ne ya wajaba mai amfani da intanet ya kiyaye? Idan aka tace dogon Turancin da ke cikin takardun nan, abin da zai rage bai wuce huɗu ba.

Ta farko, layinka sunanka ne. Tun 2011 aka wajabta yi wa kowane layi rajista, a watan Disamba na 2020 kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Bugu da ƙari, sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tilasta wa kamfanoni su adana bayanan zirga-zirgar abokan cinikinsu har tsawon shekara biyu. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da aka aikata da layinka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Saboda haka wanda ya yi wa baƙo rajistar layi da lambarsa don a ba shi ɗan abin goro, ko ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko ya ba da aron asusunsa na banki a karɓi kuɗin da bai san asalinsu ba, ya sa wuyansa cikin igiyar da bai san wanda ke riƙe da ɗaya bakinta ba. Haka nan lambar sirri: ba a ba da aronta, ko da mai kira ya rantse cewa daga banki yake.

Ta biyu, kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. A nan ne mu masu ɗan ilimin zamani muka fi kowa nauyi a wuya, domin idan ɗalibin jami'a ya tura labari cikin zauren WhatsApp na 'yan garinsu, tsofaffi sukan ɗauka magana ta ƙare. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa waɗansu hotuna masu tayar da hankali a Facebook, aka ce na kisan da aka yi ne a yankin Gashish. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu ma ba a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo-Barazabil ne, tun 2012. Amma kafin gaskiya ta bayyana an riga an tare hanya an kashe matafiya 11 waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kamfanin WhatsApp da kansa, ganin irin wannan ɓarna a ƙasashe daban-daban, ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019.

A yanki irin na Runka da Batsari, illar jita-jita iri biyu ce. Idan aka tura cewa ga mahara nan tafe alhali ƙarya ne, mata da yara su kwana a daji, tsoho ya faɗi ya karye, gona ta kwana ba mai aiki. Idan aka yi haka sau biyu, ran da abin ya zama gaskiya babu mai motsawa. Addininmu ya riga ya yanke wannan hukunci, domin a cikin Suratul Hujurati an umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. Kafin ka tura, ka tambayi kanka: wa ya gani da idonsa, a ina, kuma yaushe? Idan amsar ita ce "an ce", to, saƙon ya tsaya a hannunka. Magana zarar bunu ce.

Ta uku, sirrin mutane amana ne, ko da abin da za ka faɗa gaskiya ne. Wanda ya ɗauki hoton motocin jami'an tsaro ya sa a Facebook yana murna, ya faɗa wa maƙiyi hanyar da suka bi. Wanda ya yi shelar cewa wane ya sayar da shanu, ko wance ta dawo daga asibiti tana gida ita kaɗai, ko an tara wa wane kuɗi kaza, ya yi aikin infoma ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, a hannunku ne jerin sunayen masu albashi da na masu karɓar tallafi da lambobin wayarsu suke. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Takardar ofis da aka ɗauka hoto aka jefa cikin zaure, ba mai iya dawo da ita.

Ta huɗu ta shafi masu kama hayar masaukin shafi, kamar ƙungiyoyinmu na ɗalibai da makarantu da 'yan kasuwa. Wannan haya daidai take da kama rumfa a kasuwa. Mai rumfa ya yarda ka baje hajarka, amma bai yarda ka ajiye kayan sata ba, ko ka sayar da guba, ko ka zuba kaya har ka toshe hanyar maƙwabta. Kayan sata a nan shi ne littafin wani ko fim ɗinsa ko waƙarsa da aka ɗora ba da izininsa ba. Guba ita ce shafin bogi da aka ƙera kamar na banki ko na ɗaukar aikin gwamnati don a yaudari matasa su ba da lambobinsu, da kuma manhajar da ke lalata na'urar wanda ya buɗe ta. Toshe hanya kuwa shi ne watsa dubban saƙonni ga mutanen da ba su nema ba. Sashe na 32 na dokar 2015 ya mai da irin wannan guba da toshe hanya laifi, sashe na 25 kuma ya hana kama adireshin intanet da sunan wani don a ci da guminsa. Hukumar NiRA, mai kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, ita ma tana da nata sharuɗɗa. Akwai kuma laifin sakaci: wanda ya buɗe shafi ya manta da shi, bai sabunta makullansa ba, ɓarayi za su shiga su yi ɓarna da sunansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jama'a, ba zan yi wa batun nan adalci ba idan na tsaya a kan talaka kaɗai. Yarjejeniya ɓangare biyu gare ta. Kamfanin da ke karɓar kuɗin Bahaushe wajibi ne ya rubuta sharuɗɗansa da harshen da Bahaushe ke ji, ya kuma ladabtar da dillalansa masu sayar da layukan da aka yi wa rajistar ƙarya. Gwamnati ma tana da iyaka. Sashe na 24 na dokar 2015, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, an yi ta amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar shugabanni, har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa. Haka kuma an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Game da ɗauke sabis kuwa, kowa shaida ne cewa bai kawo ƙarshen hare-hare ba. Don haka haƙƙinmu ne mu ce wa hukuma ta nemo mai laifi ta hukunta shi, tun da rajista da bayanan suna hannunta, maimakon ta rufe bakin gari duka. Amma bakinmu ba zai yi nauyi a wannan magana ba sai mun tsarkake namu hannun.

Abin da nake roƙo gare ku ƙarami ne. Idan an yi hutu kowa ya koma garinsu, ya zauna da iyayensa da ƙannensa ya warware musu ƙa'idojin nan huɗu da Hausa. Ya taimaka musu su binciki layukan da aka yi wa rajista da lambarsu, idan akwai wanda ba su sani ba su je ofishin kamfani a cire shi. Wanda ke shugabantar zauren WhatsApp na garinsu ya kafa dokar cewa ba a sa labarin hari sai da sunan wuri da lokaci da wanda ya gani, wanda ya ƙi ji kuma a fitar da shi. Waɗanda ba 'yan yankin ba, kada su ce abin na mutanen Safana da Batsari ne, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kawo zaman lafiya a Runka da Batsari da sauran ƙasarmu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu ikon riƙon amana.