Yaye Ba Aikin Rana Ɗaya Ba Ne

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na lafiyar iyali. Ina miƙa gaisuwa ga iyayenmu mata na Bebeji da Tiga, da na Kiru da Kwanar Dangora, da na Tudun Wada, har can Doguwa, Falgore da Riruwai. Wadda ke bakin murhu, sannu da aiki. Maigida, in kana kusa, kada ka tashi, domin akwai rabonka a cikin zancen yau. Kakanni kuma, Iya da Inna da Goggo, ku gyara zama, ku ne manyan baƙinmu.

Yau maganar yaye za mu yi.

Kowa ya san yadda abin ke gudana a gidajenmu. Yaro ya yi rarrafe, ya kama bango, an yi masa tatata har ya saki hannu, yanzu ba ya barin kaza ta huta a tsakar gida. Sai a ce ai wane ya isa yaye. A sa rana, a karɓo rubutu wajen malam, a ɗaure masa 'yan kayansa, a kai shi gidan kaka. Wata uwar kuma sai ta shafa abu mai ɗaci a nono don ya ƙi kamawa. Ya yi kwana uku yana kuka, a ce rigimar yaye ce, za ta wuce.

Sau da yawa takan wuce ɗin. Amma akwai yaron da zai dawo gida bayan wata ɗaya, uwarsa ta ɗauke shi ta ji kamar ta ɗauki kara. Wuya ya zurma, gashi ya yi ja ya yi laushi, wasan da ya saba ya daina. Wannan ba kewar uwa kaɗai ba ce, ƙofar tamowa ce ya taka.

Ga dalilin. Tsakanin shekara ɗaya da shekara biyu, nonon uwa yana ba yaro wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke kare shi daga gudawa da ciwon haƙarƙari. To in aka raba shi da nono dare ɗaya, kuma aka raba shi da gida, an ƙwace masa abu uku a lokaci guda: abincinsa, garkuwarsa, da uwarsa. Yaron da ransa ya ɓaci ba ya cin abinci, wanda bai ci ba kuwa cuta ba ta shan wahalar kayar da shi. Addininmu ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara biyu take cewa, ko fiye.

Saboda haka yaye sannu a hankali ake yin sa. Ki fara janye nonon hantsi, ki maye gurbinsa da abinci. Bayan mako guda ki janye na la'asar. Na dare shi ne ƙarshe, domin shi yaro ya fi shaƙuwa da shi. Wata ɗaya ko biyu kina wannan, sai ki ga ya saki da kansa, ke ma kin huta da kumburin nono da zazzaɓinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyayena kakanni, ba cewa nake a daina kawo muku jikoki ba. Ku kuka raini ubanninsu, kun fi mu sanin lallashi. Roƙona shi ne yaro ya saba da ku tun kafin ranar: ya riƙa wuni a wurinku, ya ci daga hannunku, ya san ɗakinku. In da hali ma, ke Iya ki zo ki yi musu 'yan kwanaki, a yaye shi a gidan da ya sani.

Sai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, wato kwanika. Mace na goyo sai ga ciki, hankalinta ya tashi, a ce nonon ya ɓaci, a tsige yaro ranar da aka gane, ko da watansa goma. 'Yar uwa, ciki ba ya mayar da nono guba. Yakan rage yawansa, yakan sauya ɗanɗanonsa, shi ke nan. Ki je awo ki faɗa wa ma'aikaciya gaskiya. In kin taɓa yin ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko kina ganin jini, ita za ta ce miki ki dakata. In babu wannan, ki ƙara cin abinci, ki yaye shi a hankali. A wurin awon nan kuma za ki iya tambaya a kan tazarar haihuwa, ku shawarta da maigida.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin lafiyar iyali, muna kan batun yaye. Yanzu bari mu leƙa kwanon yaron.

Cikin ɗan shekara ɗaya bai fi cin kofin shayi guda ba. In kika cika shi da koko tsararo, ya ƙoshi da ruwa ke nan, ba da abinci ba. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebo kunun a cokali ki karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana saukowa da ƙyar, to ya yi. Sannan a ba shi abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani.

Mu a nan kudancin Kano ba mu da uzuri babba, domin ƙasarmu ta fi arewacin jihar samun ruwan sama. Masara da shinkafa a Tudun Wada da Doguwa ba a magana. Ga dawa, ga wake, ga gyaɗa, ga waken suya. Ga kifin Tiga, dam ɗin da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Bako. Ga nonon Fulanin da ke kewayen dajin Falgore. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kwano ɗaya.

Ga haɗin da ake kira garin Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a soya kowanne daban, a sussuke ɓawon waken, a kai niƙa. Ki dama da kauri, ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Ki daka busasshen kifi bayan kin cire ƙaya, ki riƙa barbaɗawa a faten yaro ko miyarsa. Zogale, alayyahu, kabewa, gwanda, mangwaro a lokacinsa, duk nasa ne. Madarar shanu ɗanya kuwa sai an tafasa. Masu cewa ƙwai na koya wa yaro sata, ku yi haƙuri, ƙwai jiki yake ginawa. Amma hatsi ko gyaɗar da suka yi fumfuna kada su shiga kunun yaro, suna da dafin da ke cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Kada kuma a ba shi gyaɗa guda-guda, tana iya shaƙe shi.

A ware masa kwanonsa. In kika haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Ki zauna da shi, ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki bar shi ya ɗiba da kansa ko zai ɓata riga. In ya ƙi, ki lallaɓa. Ɗura kuwa a bar ta, domin kunu na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Maigida, ga rabonka. Idan kaka ta yi, kafin ka ɗora buhunan waken suya da gyaɗa a mota zuwa kasuwa, ka ware 'yan tiyoyi ka ce wannan na yaye ne. Abin da za ka kashe a gadon asibiti ya ninka kuɗinsu. Rigakafi ya fi magani.

Yaushe ne bai kamata a yi yaye ba? Kada a yaye yaro yana ciwo, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko gudawa ba. In da zaɓi, a kauce wa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa. A daminar ne ma'aikata ke bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata. Na kwana uku ne: su ba da na farko, ke ki ba da na rana ta biyu da ta uku. Kada ki ajiye shi a kan taga. Gidan sauro kuma kowane dare.

Ɗauko katin rigakafinsa ki duba. Da yawa suna tsayawa a allurar wata 9, alhali akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Mu mutanen Kano mun ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a 2023, ba sai an ba mu labari ba. Akwai kuma ɗigon bitamin A duk wata shida, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya.

Wata kalma da ke cinye mana yara ita ce "haƙori ne". Fitar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙananan rigima. Ba ta kawo gudawa mai tsanani, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. In gudawa ce, ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jiki, ki ba shi ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kada ki tsayar da nono ko abinci. In kuwa ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa na sauri har haƙarƙari na lotsawa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, to babu jiran gari ya waye, sai asibiti. A can za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi. In ya faɗa a ja, tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani.

Ki sa ido a kan girmansa ma. Yawancin yara suna tafiya kafin wata 18, kuma zuwa shekara biyu suna haɗa kalma biyu, irin su "Umma ruwa". In ya wuce haka bai taka ba, ko kina kiransa ba ya waiwayowa, ki kai a duba shi, kada a tsaya ga cewa nauyin ƙafa ne ko gadon gidansu. Tunda kuma ƙafa ta buɗe, a rufe rijiya, a kula da bakin kwata da hanyoyin ruwan noman rani, a ɗage kananzir da maganin feshi sama, kada a zuba su a robar lemo.

Lokaci ya ƙwace mana. Kafin ki sa ranar yaye, 'yar uwa, ki tambayi kanki abu uku: Lafiyarsa ƙalau? Yana cinye kwanonsa? Ya saba da wadda za ta riƙe shi? In amsar duka e ce, bismillah. In ɗaya ta gaza, ki ƙara masa wata guda, babu mai binki bashi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)