Shiri na wannan mako: "Sai ka kawo ɗanka za mu sake ka"

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Ina son mu yi magana kan wani abu da muka saba gani har ya daina ba mu mamaki: a kama mutum a madadin wani.

Abin da ya tayar min da maganar ya faru a layinmu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mai gyaran keke, Baba muke ce masa. Ɗansa ya karɓi babur a hannun wani ɗan kasuwa, zai riƙa biya duk mako. Biya ya tsaya, yaro ya bar gari. Bayan sallar asuba sai ga 'yan sanda a ƙofar gida. Ba su samu yaro ba, suka sa Baba a mota. Ko hula bai ɗauka ba.

Da hantsi na bi shi caji ofis. Na gaida mai binciken, na ce, "Yallaɓai, wane laifi Baba ya yi?" Ya ce ai Baba bai yi komai ba, ya dai kawo ɗansa. To kun ji, da bakinsa ya faɗa.

Wannan abu haramun ne a doka, kuma ba fassarar lauyoyi ba ce, rubuce yake ƙarara. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, ya ce ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Dokar 'yan sanda ta 2020, tasu ta kansu, ta maimaita haka a sashe na 36. Ko uba ne, ko mata ce, ko aboki, in dai ba shi ake zargi ba, babu hurumin taɓa shi.

Sannan ita kanta maganar bashi. Dokokin nan biyu sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wannan aikin kotu ne. Zamba daban ce, ita laifi ce, amma ko a nan mai zambar ake nema, ba mahaifinsa ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwa: wa ke kai irin wannan ƙarar? Mu ne. Mutum na bin ka dubu hamsin, sai ya je ya sa wa mota mai a ɗauko masa kai. Ran da abin ya juyo kansa, shi ne zai fi kowa kuka.

Yanzu idan an riga an kama naka fa? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. Kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da yaren da kake ji. Ba Turanci dole ba, yaren da kake ji. Idan akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai ka gabanta. Idan babu, kwana biyu, sai dai in kotu ta ga dalilin ƙari. Laifin da hukuncinsa kisa ne, shi lissafinsa daban. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashen ya ce yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Wani zai ce, "Kai ɗan boko, je ka karanta musu sashe ka sha mari." Na sani. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya yi kokawa ko ya ɗaga murya. Ka bi su salin-alin, amma ka tabbatar wani ya ga inda aka nufa da kai. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Na waje su ne za su yi aikin: su riƙe sunan ofishin da lokacin kamu, su nemi lauya. In babu kuɗi, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, Legal Aid Council, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa. Mace ma tana da damar tsayawa beli, kada a ce mata sai namiji.

Shi Baba, kwana biyu ya yi a bayan kanta. An ce a kawo dubu talatin na beli, alhali a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne. Wata lauya da muka yi makaranta tare ta zo, ta nemi ganin DPO, ba ta fi minti goma a ciki ba aka fito da shi, ko sisi ba mu bayar ba.

Ta ce masa, "Baba, kana da damar kai ƙara babbar kotu, a biya ka diyya." Ya girgiza kai ya ce ya bar wa Allah. Ban matsa masa ba, shi ne ya kwana a sumunti, ba ni ba. Amma har yau abin yana ci na, don mai binciken nan yana nan a kan teburinsa, kuma ɗan Baba bai dawo ba tukuna.

Mako mai zuwa in sha Allahu lauyar za ta zo mu tattauna yadda ake shigar da irin wannan ƙarar da abin da take ci. Ku turo tambayoyinku. Sai mun haɗu.