Amsar Wasiƙunku: In An Kama Ɓarawo, Wa Zai Hukunta Shi?



Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan kasuwa take a Kasuwar Kurmi, nan cikin birni. Ya ce sun gaji da masu ƙwacen waya. A kama yaro a miƙa wa 'yan sanda, bayan kwana uku ka gan shi a bakin Jakara yana yi maka dariya. Yana tambaya, mene ne laifi in jama'a sun gama da shi nan take?

To malam, kukanka gaskiya ne. Shari'a tana jan ƙafa, har fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Amma ina so ka tuna da Uromi ta Jihar Edo. A watan Maris na 2025, ana cikin azumi, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta masu dawowa gida Kano yin salla. Da aka ga bindigogin farauta sai aka ce masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe aka ƙona, galibinsu 'yan Bunkure. Ba wanda ya tsaya ya tambaye su. Yaya muka ji a ranar?

Ihun "ɓarawo!" ba shaida ba ne. Gobe kai manomi ka shigo birni da kuɗin gyaɗarka, ba wanda ya san ka, wani ya nuna ka da yatsa, shi ke nan. Ko a Musulunci, sai alƙali ya samu shaidu biyu adilai ko iƙirarin mai laifi kafin a yi haddin sata, kuma haddin ba kisa ba ne.

Shawarata ita ce, in kun kama mutum ku kira mai unguwa, ku kai shi ofishin 'yan sanda tare. Shugabannin kasuwa su wakilta mutum biyu su riƙa bin maganar har kotu. Sau da yawa rashin zuwan shaidu ke sa a kori ƙara, domin kowa ya koma rumfarsa.

Rana ɗaya ta mai kaya ce, amma a gaban alƙali. Allah ya kare mu da ɗaukar alhakin rai. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.